Idan ruwa ya kwanta a lambun furanni: a ɗaga tudu, a haƙa magudana, a koma tukwane, ko a tone saiwa a ajiye?

Watan Agusta ne yake tona asirin ƙasar lambu. Wurin da aka gani a watan Mayu shimfiɗe, mai kyan gani, da zarar marka ta kama sai a wayi gari ruwa ya kwanta a kansa kwana biyu ko uku bai janye ba, ganyen furanni na ƙasa ya soma yin ɗorawa, sa'annan shukar ta yi yaushi alhali ƙafarta tana cikin ruwa. Furannin da suka fi shan wahala su ne masu albasa ko curin saiwa a ƙarƙashin ƙasa, irin su daliya, giladiyola, amarilis da kaladiyum, domin abincin da suka tara na shekara yana cikin wannan curin ne, kuma idan ya ruɓe an yi asarar shukar gaba ɗaya. Mai lambu a wannan hali yana da hanyoyi huɗu a gabansa, kowacce da kuɗinta da wahalarta, kuma ba kowacce ce ta dace da kowane gida ba.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne, rashin iska ne yake kashe saiwa. Saiwa tana numfashi ta cikin ƙananan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa, kuma idan ruwa ya cika waɗannan kafofi, iskar da take buƙata tana tafiya cikin ruwa a hankali ƙwarai, kusan ninki 10,000 ƙasa da saurinta a sarari. Da zarar ƙananan jijiyoyin saiwa sun mutu, shukar ba ta iya shan ruwan da take tsaye a ciki, shi ya sa take yaushi, shi ya sa kuma wanda bai sani ba yakan ɗauko bokiti ya ƙara mata. A wannan lokaci ne ƙwayoyin cutar ruɓewa, irin su Pythium da Phytophthora, waɗanda 'ya'yansu suke iyo cikin ruwan ƙasa daga wannan shuka zuwa waccan, suke samun ƙofa. Zafi yana gaggauta abin, domin saiwa a ƙasa mai ɗumi ta fi saurin cinye iskar da ta rage. Saboda haka kwana biyu na kwanciyar ruwa a Kaduna ko Kano cikin damina sun fi kwana biyu na hunturun Ingila ɓarna.

Gwajin da ya kamata a yi kafin a kashe ko kwabo

A haƙa rami mai zurfin santimita 30 da faɗin santimita 30 a wurin da ake zargi, a cika shi da ruwa a bari ya tsotse, sa'annan a sake cika shi a auna. Idan ruwan yana sauka aƙalla santimita 2 da rabi a kowace sa'a, ƙasar ba ta da laifi, matsalar daga wani wuri take zuwa. Idan aka dawo washegari aka tarar da ruwa a ramin, to ƙasar ce ba ta sha. Idan kuwa tun ana haƙa ramin ruwa yake ɓulɓulowa daga ƙasa da kansa, wurin fadama ne, ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ya taso, kuma wannan shi ne hali mafi wuya. A duba kalar ƙasar da aka fitar: ja ko ruwan ƙasa alama ce ta iska tana shiga, toka-toka mai ɗan shuɗi da warin ruɓaɓɓen ƙwai kuwa alama ce ta ta daɗe a shaƙe.

A kuma ɗaga kai a dubi rufin gida. Kowane milimita ɗaya na ruwan sama yana sauke lita ɗaya a kan kowace murabba'in mita, don haka rufin kwano mai murabba'in mita 100 yana zubar da lita 3,000 a ruwan dare ɗaya mai milimita 30. Idan indararo yana zubar da wannan duka a gindin furanni, ko rariyar katanga ta toshe da leda da yayi, babu wani gyaran ƙasa da zai yi amfani, kuma karkatar da indararon ko yashe rariyar ya fi duk hanyoyin da za a ambata araha. Gidaje da yawa da aka shafe tsakar gidansu da siminti ko aka shimfiɗa intalok, aka bar ɗan zirin ƙasa a jikin katanga don furanni, wannan ce cutarsu: zirin ya zama wurin da ruwan gidan duka yake taruwa.

Ma'aunan da za a bi

Abubuwa biyar ne za a auna kowace hanya da su. Na farko kuɗi, wato kayan aiki da ladan lebura. Na biyu ɗorewa, ko aikin zai kai shekaru ko sai an maimaita shi kowace damina. Na uku sauƙi, ko mai gida zai iya da hannunsa ko sai an kira magini. Na huɗu haɗari, ga shukar da ga ginin gidan. Na biyar sauri, domin wanda furanninsa suke cikin ruwa yau ba shi da lokacin jiran aikin da sai rani za a iya yi.

Hanya ta farko: ɗaga tudu

Wannan ita ce dabarar da manomin doya da na dankali suka daɗe da sani: a tara ƙasa ta yi tsayi, curin saiwa ya zauna sama da inda ruwa yake kwanciya. Ana iya yin ta iri biyu. Akwai kunya ko tuli kawai, wanda fartanya da ƙarfin hannu suka isa, akwai kuma kwami mai bango da aka kewaye da bulo, dutse ko katako aka cika da ƙasa mai kyau.

Kunya ba ta cin komai sai gumi, amma ruwan marka yana zaizaye ta, sai an riƙa ɗaga ta ana rufe samanta da ciyawa. Kwami mai bango yana da lissafi. Mai faɗin mita 1.2 da tsawon mita 3 yana buƙatar bulo kusan 19 a kowane layi, tun da tsawon bulo ɗaya santimita 45 ne, kuma layi biyu zai ba da tsayin kusan santimita 45. Cika shi zuwa santimita 30 kawai yana cin ƙasa fiye da mita ɗaya ta kowace fuska, wato wajen baro 15. Faɗin kada ya wuce mita 1.2, domin hannu ya kai tsakiya daga kowane gefe ba tare da an taka ƙasar ba, tun da takawa ce take danne ta ta koma gidan jiya. Bulo yana kai shekaru masu yawa. Katako kuwa a ƙasarmu abincin gara ne, kuma ban ga dalilin kashe kuɗi a kansa ba sai dai ga wanda yake da ragowar katakon gini yana neman inda zai kai shi.

Abin da ake cika kwamin da shi ya fi bangon muhimmanci. Haɗin da yake aiki shi ne ƙasar sama mai kyau kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, da yashi mai gautsi ko ɓuntun shinkafa kashi ɗaya. Takin ya zama wanda ya huce sarai, domin ɗanyen kashin kaji ko na shanu yana ƙona albasar fure. Kafin a zuba, a sassauta ƙasar da ke ƙasan kwamin da diga, a kuma bar 'yan kafofi a layin bulo na ƙasa ba a liƙe su da siminti ba. Kwamin da aka gina a kan daɓen siminti aka toshe shi ta ko'ina, tafki aka gina.

A nan ya kamata a tsaya kan wata shawara da ta yaɗu, cewa idan ƙasa laka ce sai a zuba mata yashi a cakuɗa. Kwano biyu ko uku na yashi a cikin laka ba sa buɗe ta, domin ƙwayoyin laka ƙanana ne ƙwarai, suna cike duk wata kafa da ke tsakanin ƙwayoyin yashin, kuma idan rani ya zo haɗin yakan daskare ya fi da tauri. Kafin yashi ya canza halin laka sai ya kai kusan rabin haɗin, abin da yake nufin tifa ba baro ba. Ruɓaɓɓen ganye da taki su ne suke sassauta laka, ta hanyar jawo tana da sauran ƙananan halittun ƙasa, amma aikinsu na shekaru ne.

Aibin tudu yana fitowa ne a rani. Ƙasar da aka ɗaga tana bushewa da sauri, tana kuma ɗaukar zafi, don haka a Maris da Afrilu za ta sha ruwa fiye da ta ƙasa. Wanda yake sayen ruwa a wurin 'yan garuwa ya sa wannan a lissafinsa. Ta fuskar sauri kuwa, kunya ana iya ɗaga ta yau a mayar da shuka kanta gobe, amma aikin laka tana jiƙe yana lalata ta, don haka gara a kawo ƙasa daga wani wuri a tula.

Hanya ta biyu: magudana

Buɗaɗɗen lambatu da aka haƙa a gefen lambu shi ne mafi sauƙi, kuma cikin gaggawa shi ne abin da za a fara yi: shebur, sa'a ɗaya ko biyu, ruwa ya sami hanya. Yana cikewa da ƙasa, yana zama gidan sauro idan gangararsa ba ta isa ba, yara kuma suna faɗawa ciki.

Magudanar ƙarƙashin ƙasa aiki ne na dindindin. Ana haƙa rami mai zurfin santimita 45 zuwa 60, a shimfiɗa tsakuwa, a ɗora bututun roba mai kaurin santimita 10 wanda aka huhhuda, a rufe shi da tsakuwa, a sa wani abu mai tace ƙasa a sama kafin a mayar da ƙasar. Gangarar kada ta gaza santimita ɗaya a kowace mita, kuma a auna ta da igiya da ma'aunin magina, kada a dogara da ido. Ita ce hanya mafi tsada a cikin huɗun, domin tana cin tsakuwa, bututu da kwanakin lebura, amma idan aka yi ta daidai ita kaɗai ce take gyara filin duka, har da wurin tafiya da gindin katanga.

Tambayar da take yanke hukunci a kanta ita ce: ina ruwan zai tafi? Idan akwai kwata a waje wadda ta fi lambun gangarowa, shi ke nan. Idan kwatar unguwa ta fi tsakar gidan tudu, ko takan cika ta tumbatsa idan an yi ruwa, bututun zai zama hanyar da ruwan waje zai shigo. Tura ruwa gidan maƙwabci kuwa rigima ce da takan kai gaban mai unguwa. Wanda ba shi da mafita yakan haƙa ramin tsotsewa ya cika shi da duwatsu, kuma irin wannan rami a nisanta shi aƙalla mita 5 daga tushen gini, a kuma nisanta shi da rijiya da ramin masai. Sai dai a fadama ramin tsotsewa ba ya aiki, tun da ƙasar da ake so ta sha ruwan ita ma a ƙoshe take. Aikin magudana na rani ne. Wanda ya fara shi tsakiyar marka zai ga bangon rami yana ruftawa.

Hanya ta uku: tukwane

Tukwane su ne mafakar ɗan haya da na wanda ruwa ya riga ya ci lambunsa. Ana tone shukar da ƙasarta, a wanke saiwar, a yanke duk abin da ya yi laushi ko baƙi da wuƙa mai tsabta, a bar ta ta sha iska a inuwa yini ɗaya, a dasa a sabuwar ƙasa mai ɗan danshi, a kuma rage ganye kaɗan tun da saiwar da za ta ciyar da shi ta ragu. Kada a ba ta taki sai ta fitar da sabon toho.

Tukunyar ƙasa ta fi kyau ga masu curin saiwa, domin jikinta yana fitar da danshi yana kuma sanyaya ƙasar, amma tana fashewa kuma tana da nauyi. Ta roba tana da araha, tana riƙe ruwa, rana tana cinye ta cikin 'yan shekaru har ta riƙa ɓarewa a hannu. Ta siminti, irin wadda masu sayar da furanni suke jerawa a bakin titunan Abuja da Kaduna, tana daɗewa, sai dai idan an ajiye ta an ajiye ke nan. Buhun siminti ko na shinkafa da aka huda yana ɗaukar damina ɗaya ko biyu. Kowace iri ce, a tabbatar tana da huda a gindi, a ɗora ta kan bulo ko duwatsu don kada hudar ta liƙe da ƙasa, a kuma cire farantin da ake sawa a ƙarƙashi har damina ta wuce. Zuba tsakuwa a gindin tukunya, wanda kusan kowa yake yi, ba ya ƙara saukar ruwa. Ruwa yakan tsaya ne a ƙasar da ke daf da saman tsakuwar, wato an matso da danshin kusa da curin. Ɓallin kasko ɗaya a kan hudar ya isa. Daliya babba tana son tukunyar da faɗinta ya kai santimita 30 zuwa 40. Ƙariya kuwa, wadda take ajiye ruwa a kumburarren gindinta, ita ce farkon wadda ya kamata a ja ƙarƙashin rumfa idan marka ta yi nisa.

Kuɗin tukwane yana zuwa ne da kaɗan-kaɗan, shi ya sa ake ganin kamar suna da araha. Ga mai shuka goma haka ne. Ga mai shuka ɗari, kuɗin tukwane da wahalar ban ruwa kullum a rani sun wuce na gina kwami biyu.

Hanya ta huɗu: tone saiwa a ajiye

Wannan hanya ba ta gyara ƙasa. Abin da take yi shi ne fitar da curin daga ƙasa a lokacin da shukar take barci, lokacin da ba ta shan ruwa kuma ta fi saurin ruɓewa. A ƙasashen sanyi ne ta zama al'ada. Daliya 'yar asalin tsaunukan Meziko ce, ita ce ma furen ƙasar a hukumance tun 1963, kuma curinta ba ya jure daskarewa. Birnin Landan yana samun ruwan sama wajen milimita 600 ne a shekara, ƙasa da abin da Kano take samu a damina ɗaya, amma yawancin ƙasarsa laka ce, rana kuma ba ta da ƙarfin busar da ita daga Nuwamba zuwa Maris, don haka curin da aka bari a ciki yakan kwana watanni cikin sanyi da danshi. Masu lambu a can sukan jira raɓa mai daskarewa ta farko ta baƙanta ganyen, sa'annan su yanke karan su bar santimita 10 zuwa 15, su tone curin da cokalin haƙa daga nesa don kada su soke shi, su kife shi kansa ƙasa na mako ɗaya ko biyu domin ruwan da ke cikin ramin karan ya tsiyaye, su ajiye shi a wurin da ba ya daskarewa, tsakanin digiri 4 zuwa 10 a ma'aunin Salshiyas. Ana mayar da shi ƙasa a ƙarshen Mayu. Inda ƙasa take da yashi kuma sanyi bai tsananta ba, da yawa sukan bar shi a wurinsa su lulluɓe da taki mai kaurin santimita 15.

A ƙasar Hausa lokacin barcin shuka shi ne rani, kuma abokan gaba su ne zafi, bushewa, gara da ɓera. Daliya da giladiyola sun fi jin daɗin tudun Jos, mai tsayin wajen mita 1,200, da na Mambila, inda dare yake da sanyi. A Kano ko Sakkwato, inda zafin Afrilu yake kai digiri 40, curin daliya da aka tone aka ajiye a ɗakin kwano yakan motse ya zama kamar busasshen rogo kafin ruwa ya sauka. Kaladiyum da amarilis sun fi jurewa. Kaladiyum yakan zubar da ganye da kansa idan kaka ta yi, kuma shi sanyi ne ba ya so, don haka kada a sa shi a firji. Ɗaki mai inuwa ya ishe shi. Giladiyola ana barinta ta bushe mako biyu zuwa uku, a ɓalle tsohon curin da ya motse a ƙarƙashin sabon, a rataye sababbin a buhun albasa mai raga inda iska take wucewa.

Wajen raba curin daliya akwai ƙa'idar da ake yawan karyawa. Idanun da suke toho suna wuyan curin ne, daidai inda ya haɗu da tsohon kara, saboda haka duk yankin da aka ɓalle babu ɗan guntun wuyan nan ba zai tsira ba, ko da ya kai girman dankali. Wurin da aka yanka a barbaɗa masa tokar itace, yadda manoman doya suke yi wa iri, ko garin farar wuta, a bar shi ya bushe kafin a rufe.

Abin da ake binne curin a ciki ma yana da bambanci. Busasshen yashi yana da araha, yana kare curin daga motsewa, gara ba ta damu da shi ba, nauyi ne kawai aibinsa, kuma a ganina shi ya fi dacewa da yankunan zafi. Garin katako da ɓuntun shinkafa suna da sauƙin ɗauka, amma idan sun bushe ƙwarai sukan zuƙe ruwan curin, suna kuma jawo gara idan kwalin yana ƙasa. Naɗe kowane curi a takardar jarida yana hana ruɓewar ɗaya ta kama na kusa da shi. Ledar da aka ɗaure baki ita ce mafi muni, domin gumin curin yana taruwa a ciki. Ko da me aka yi amfani, a ɗora akwatin a kan abu mai tsayi, a rubuta sunan kowane iri, a duba sau ɗaya a wata, a jefar da wanda ya yi laushi, a ɗan yayyafa ruwa ga yashin idan curin ya soma yanƙwanewa. A nisanta akwatin da ɗakin girki da hannun yara: curin kaladiyum yana ƙaiƙayi da kumbura baki, na gatarin kurege kuwa, wanda wasu suke shukawa don kyan furensa, guba ne mai kisa kuma yana kama da abin ci.

Tonewar gaggawa tsakiyar damina, shuka tana da ɗanyen ganye, wani abu ne daban. Curin bai gama tara abinci ba, fatarsa ba ta yi ƙwari ba, kuma ba zai jure ajiyar watanni ba. Irin wannan a tukunya ya kamata a sa shi ya ƙarasa shekararsa.

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Babban haɗari | Sauri |
|---|---|---|---|---|---|
| Kunya ko tuli | Kaɗan ƙwarai | Damina ɗaya | Mai gida zai iya | Zaizayewa | Yini ɗaya |
| Kwami na bulo | Matsakaici | Shekaru da yawa | Yana iya buƙatar magini | Bushewa a rani | Kwanaki kaɗan |
| Buɗaɗɗen lambatu | Kaɗan | Sai ana yashewa | Mai sauƙi | Sauro, cikewa | Sa'o'i |
| Bututun ƙarƙashin ƙasa | Mai yawa | Shekaru da yawa | Sai ƙwararre | Rashin mafitar ruwa | Sai rani |
| Tukwane | Gwargwadon yawan shuka | Ya danganta da irin tukunya | Mai sauƙi | Ban ruwa kullum | Nan take |
| Tonewa a ajiye | Kusan babu | Kowace shekara | Yana son kulawa | Ruɓewa, motsewa, gara | Sai shuka ta yi barci |

Wace ce ta dace da wa

Wanda ruwa ya ci lambunsa a wannan makon ya ja lambatu da shebur yau, ya tone shukokin da suka fi daraja ya sa a tukwane, ya bar maganar gini sai Nuwamba. Ɗan haya ya tsaya kan tukwane, tun da su ne zai iya lodawa a mota ranar tashi.

Mai gidan kansa da ƙasarsa laka ce, amma ramin gwajinsa bai kawo ruwa daga ƙasa ba, kwami na bulo ne ya fi masa, kuma idan za a zaɓi hanya ɗaya ga yawancin gidajen birni ita zan zaɓa, domin ba ta dogara da kwatar unguwa ba, kuskure a cikinta kuma yana da sauƙin gyarawa. Bututun ƙarƙashin ƙasa na mai babban fili ne wanda yake da gangara da tabbatacciyar mafita, musamman idan danshi ya fara hawa katangar gidansa, domin a nan kuɗin yana kare gini ne tare da furanni.

Wanda gidansa yake cikin fadama, ruwa yana ɓulɓulowa daga ramin gwaji, ya ɗaga kwami mai layi uku ga 'yan furannin da ba ya iya rabuwa da su, sauran filin kuma ya ba wa shukokin da suke son ruwa. Shukar kana, mai faffaɗan ganye da fure ja ko rawaya, tana bunƙasa a ƙasa mai danshi, haka gwazar ado, haka albasar kwaɗi, wadda da ma a bakin fadamu take fitowa da kanta farkon damina.

Mazaunin Ingila ko arewacin Amurka da Kanada, mai ƙasar laka, ya tone daliya, giladiyola da kana kowace shekara. Mai ƙasar yashi a kudancin Ingila yana iya barinsu da lulluɓi mai kauri, ya tone 'yan kaɗan daga irin da ya fi so a matsayin ajiya. Mai lambu a Jos ya tone bayan ganye ya bushe a kaka, ya binne a yashi a ɗaki mai sanyi. Na Kano, Katsina ko Maraɗi kuwa, gara ya shuka masu curin saiwa a tukwanen ƙasa tun farko, idan ganye ya zube ya daina ban ruwa, ya ja tukunyar da ƙasarta zuwa inuwar da ta fi sanyi a gidan, ya fito da ita ya sauya mata rabin ƙasar sama idan ruwan farko ya sauka a Mayu ko Yuni.